Yadda ake nemo kayan gyaran injin wanki idan kana zaune a ƙasar waje

Duk wanda ya ɗan jima a ƙetare ya san cewa ranar da injin wanki ya tsaya da ruwa a cikinsa, ranar ce za ka gane kiran mai gyara ba ƙaramin abu ba ne, zuwansa kawai ya duba kuɗi ne, kafin a zo maganar aiki, kuma sai ya ba ka rana nan da sati ko fiye. Ni dai na gyara nawa, na gyara na maƙwabta da na abokai har ban san adadi ba, kuma abin da na lura shi ne kwance injin ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce samo ainihin abin da ya dace da naka injin. A nan mutane suke asarar kuɗi, su yi oda a kawo, ya ƙi shiga.

Kayan da za ka tanada

Wayarka ita ce kan gaba, don ɗaukar hoto da bincike. Sai sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da kuma mai kan tauraro wanda ake kira Torx, lamba T20 aka fi buƙata, injinan Turai da yawa da shi aka ɗaure su. Sai filaya, ƙananan sifanu, tocila, faranti ko tire mara zurfi na tarar ruwa, tsofaffin tawul biyu ko uku, safar hannu saboda bakin ƙarfen cikin injin yana yanka kamar reza, da awo mai milimita. Idan za ka iya samun mitar auna wuta, ko da ƴar ƙarama ce, ka samu, za ta hana ka sayen abin da lafiyarsa ƙalau. In babu ka ara, in kuma ba wurin aro to akwai abubuwan da ido da kunne ma sun isa, zan faɗe su a ƙasa. Ka nemo rasit ɗin injin da littafinsa in suna nan.

1. Ka fara sanin ko gyaran ma a kanka yake

Kafin ka taɓa ko da sukuru ɗaya. Idan gidan haya kake kuma injin ka same shi a gidan, to na mai gida ne, galibi shi ke da alhakin gyara, ka duba takardar hayarka ka tura masa saƙo a rubuce tare da hoto. Ka kwance da kanka wani abu ya ƙara lalacewa, kuɗin ajiyarka za a zaftare.

Idan naka ne, ka duba garanti. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye aƙalla shekara 2 a kan sabon kaya, kuma wurin wanda ya sayar maka za ka koma. Wasu kamfanonin suna ba da shekara 10 a kan moton injin shi kaɗai. Ka buɗe injin da ke cikin garanti, ka ba su hujjar ƙin gyarawa da hannunka.

2. Cire wuta, rufe ruwa

Ka zare filogi daga soket gaba ɗaya, kashe maɓalli bai wadatar ba. Ka rufe famfon da ke ba injin ruwa, ka ɗan jira mintuna kafin ka sa hannu ciki don akwai abin da ke riƙe caji na ɗan lokaci. Kuma kar ka ja injin kai kaɗai in bayanka ba ƙwari, akwai tubalan kankare a cikinsa, mai ƙofa a gaba yakan kai kilo 60 zuwa 80.

3. Gano abin da ya lalace tukuna, kar ka yi canke

Wannan matakin shi mutane suke tsallakewa. Wani ya ga injin baya zubar da ruwa sai kawai ya yi odar sabon famfo mai turo ruwa waje daga cikin injin, alhali kwabo ne ko abin kama gashi ko safar yaro ta toshe matatar da ke tare datti. Akwai wata ƴar ƙofa a ƙasan injin ta gaba, yawanci ɓangaren dama, ka buɗe ta, ka shimfiɗa tawul ka sa tire, ka murɗa murfin a hankali ruwan ya dinga fita kaɗan-kaɗan, kar ka buɗe lokaci ɗaya sai ka cika ɗaki da ruwa mai wari. Ka zaro matatar ka wanke, ka haska tocila ka juya ƴar farfelar ciki da yatsa. Wallahi sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa ba ka sayi komai ba.

Idan injin yana nuna lamba a fuskarsa ka rubuta ta. A LG, OE na nufin ruwa bai fita ba, IE ruwa bai shigo ba, dE matsalar ƙofa, UE kaya sun taru gefe ɗaya. A Samsung 5E ko 5C fitar ruwa ne, 4E ko 4C shigowar ruwa. A Bosch da Siemens E18 fitar ruwa ne. Amma ka sani lambar wurin ciwon kawai take nuna maka, ba ta ce ga abin da ya mutu ba. IE zai iya zama ƴar ragar da ke bakin tiyon ruwa ce ta toshe, ka wanke ta da burushin haƙori shi ke nan.

Ga yadda nake rarrabewa. In kana jin moto yana aiki amma gangar ba ta juyawa, ka cire murfin baya ka duba bel, ko ya tsinke ko ya zame. In ganga tana fara juyawa ta tsaya ko tana tartsatsi daga ƙasa, a tsofaffin injina gawayin moto ne, wato sandunan gawayi masu kai wa moto wuta, suka cinye, guda biyu ne, kuma tare ake canza su. Injin da aka rubuta wa Inverter ba shi da gawayi, wanda kuma aka rubuta wa Direct Drive ba shi ma da bel, don haka kar ka ɓata lokaci kana nema. In ruwa baya zafi, ka zare wayoyin hita ka auna bakinta biyu da mita, hita mai ƙarfin wat 2000 a wutar 230 za ta ba ka kusan om 26, om shi ne ma’aunin tirjiyar wuta, in mitar ba ta nuna komai ba to ta ƙone. In ruwa na ɗiga ta gaba, ka bi robar ƙofa da yatsa kana ɗaga ninkinta, za ka ji yagewar. In kuwa lokacin matse kaya yana ƙara kamar jirgi zai tashi, ka juya gangar da hannu ka ji gurnani, ka ɗaga ta sama ka ji tana wasa, boris ne, wato zoben ƙarfen da gangar ke juyawa a kai, kuma wannan za mu dawo kansa domin shi ne mai rikici.

4. Nemo lambar injin, cikakkiya

Nan ne zuciyar aikin. Sunan kamfani da “kilo 8” ba su isa a ba ka komai ba. Akwai wata takarda da aka manna wa injin, a mai ƙofar gaba ka buɗe ƙofar ka duba zagayen bakinta ko bayan ƙofar, wani lokaci tana cikin murfin matata ko a bayan injin. A mai buɗewa ta sama, irin wanda ya yi yawa a Amurka, ka duba ƙarƙashin murfi ko baya. Ka ɗau hoto mai kyau, kar ka kwafa da hannu, don 0 da O, 1 da I, 5 da S suna ruɗa mutum.

Kowane kamfani da irin lambar da yake nema. Bosch, Siemens da Neff duk gida ɗaya ne, su E-Nr suke so, kuma a ƙarshenta akwai karan tsaye da lamba biyu kamar /01 ko /14, wannan ƴar wutsiyar kar ka yar da ita, ita ke nuna zubin da aka yi naka, sai kuma FD mai nuna lokacin da aka ƙera. Electrolux, AEG da Zanussi lambar PNC ce, a injin wanki takan fara da 914. Whirlpool na Turai suna da lamba mai alƙaluma 12. LG da Samsung cikakken sunan samfurin ne har da haruffan ƙarshe, waɗanda sau da yawa su ke nuna ƙasar da aka yi wa injin.

Dalilin wannan tsanani shi ne kamfani yana iya canza mai kawo masa famfo ko makullin ƙofa a tsakiyar shekara, sunan injin bai canza ba, kamanninsa bai canza ba, amma cikinsa ya bambanta. Ni kaina na taɓa faɗawa, na sayi makullin ƙofa don na ga hoton kamar an tsaga kara da nawa, da ya iso sai ga bakin wayarsa uku nawa huɗu, na yi sati biyu ina jiran mayarwa ina kai wanki shagon wanki.

Idan takardar ta goge, ka duba rasit, littafin injin, ko saƙon imel na lokacin da aka saya. In duk babu, sai ka koma mataki na gaba ka dogara da lambar da ke jikin abin da ya lalace.

5. Ciro abin, ka karanta lambar jikinsa

Murfin sama yawanci sukuru biyu ne a baya, ka kwance su ka tura murfin baya sannan ka ɗaga. Kafin ka zare kowace waya ka ɗau hoto, hoto ba ɗaya ba, daga ɓangarori daban-daban, gobe ba za ka tuna wace ce ta hagu ba.

Bel yana da rubutu a bayansa kamar 1270 J5 ko 1195 H8, lambar farko tsawonsa ne a milimita, harafin irin haƙoransa, ta ƙarshe yawan layukan. Kar ka auna tsohon bel da awo ka ce da shi za ka saya, ya riga ya miƙe, wasu kuma dama masu talewa ne. Famfo yana da takardarsa mai nuna wat, ƙarfin wuta da sunan wanda ya ƙera, za ka sha ganin Askoll, wani kamfanin Italiya da ke yi wa kamfanoni da yawa. Hita ka duba wat ɗinta, tsawonta, da ko tana da ramin da ake soka na’urar jin zafi. Boris lambobinsa na duniya ne, 6204, 6205, 6206, ko a shagon masu sayar da boris na masana’antu za ka samu, sai dai robar da ke tare masa ruwa dole girmanta ya zo daidai.

Amma kafin ka sayi boris ka duba randar robar da gangar take ciki. In ka ga sukurori ko maƙalai a zagaye sun haɗa rabi da rabi, za ta buɗu. In a narke aka manne ta, kuma injinan yanzu da yawa haka suke, to ba a yi ta don a buɗe ba, randar gaba ɗaya ake sayarwa, kuɗinta kuma yakan tunkari na sabon inji. Akwai masu yanka ta da zarto su manne, na gani, ban ba mai koyo shawarar ya gwada a gidan haya a hawa na uku ba, ruwa ya zubo wa na ƙasa kai za ka biya.

6. Mayar da lambar inji zuwa lambar kaya

Ka shiga shafin kamfanin na ƙasar da kake, ka nemi sashen kayan gyara, ka sa lambar. Da yawansu za su nuna maka zanen injin a warwatse, kowane ƙarfe da roba da lambarsa. Wannan lambar ita kake farauta. Da ka same ta ka kwafa, ka sa ta ita kaɗai a Google, za ka ga masu sayarwa da yawa da farashi daban-daban. Wani lokaci za a ce an daina wannan lambar an maye ta da wata, ba matsala, in dai kamfanin ne ya faɗa.

Wata dabara da ke taimakon baƙo: ka yi binciken da yaren ƙasar. A Jamus ka rubuta Ersatzteile tare da lambar, a Faransa pièces détachées, a Turkiyya yedek parça, a ƙasashen Larabawa ƙiɗa’u giyar suke cewa. Shagunan kusa da kai da yarensu suke rubutu, in ka nema da Turanci na wata ƙasa za a jero maka. In yaren bai zauna maka ba, ka je da abin a hannu da hoton takardar injin, lamba ba ta buƙatar tafinta.

7. Inda ake saye

Kamfanin kansa ya fi tsada amma ya fi tabbas. Kuma in kana Tarayyar Turai doka tana bayanka, tun watan Maris na 2021 an wajabta wa masu ƙera injin wanki su ajiye kayan gyara na aƙalla shekara 10 bayan sun daina sayar da samfurin, su kuma kawo cikin kwanakin aiki 15. Birtaniya ma ta kafa irin wannan doka a Yulin 2021. Sai dai akwai ƙaramin tarko, abin da aka tilasta su sayar wa kowa shi ne ƙofa, hinjinta, robobi, makullin ƙofa da aljihun zuba sabulu, su moto, famfo, hita da allon kwamfuta kuwa ga ƙwararrun masu gyara aka wajabta. Wasu kamfanonin suna sayar wa kowa duk da haka, in naka ya ƙi sai ka koma ga ƴan kasuwa.

Akwai shagunan intanet da ba su da sana’a sai wannan, irin eSpares a Birtaniya da RepairClinic a Amurka, kusan kowace ƙasa tana da nata, kuma a cikinsu za ka iya sa lambar injinka su tace maka abin da ya dace. Sai eBay da Amazon, inda komai yake a cakuɗe, mai kyau da jabu. AliExpress akwai araha amma jira ne, ga mai yara ƙanana da wanki ke taruwa kullum ba lallai ya yi ba. Kar kuma ka raina ƙaramin shagon gyaran kayan wuta na unguwa, irin waɗannan dattawan sukan kalli famfo su miƙo maka ɗan’uwansa daga kanta.

In sabo ya gagara, na hannu. A Facebook Marketplace da makamantansa mutane suna bayar da matattun injina kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don a rabu da su, in ka dace da irin naka ka samu rumbun kayan gyara. Ƙofa, aljihun sabulu, maɓallai, moto, duk na hannu yana yi. Roba, bel, gawayi da boris kuwa ban taɓa sayen na hannu ba, abubuwa ne masu cinyewa. Ka kula, a wuraren zubar da tsofaffin kaya na hukuma galibi ba a yarda ka kwance abu ka ɗauka ba sai da izini, ka tambaya.

Akwai kuma Repair Café, taron masu sa kai da ke taya mutane gyara kyauta, a Amsterdam aka fara shi a 2009 yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Ba za ka ɗauki inji ka kai ba, amma za ka iya kai famfo ko hita a auna maka.

8. Orijina ko mai kama da shi

Za ka ga wasu an rubuta na asali ne, wasu an rubuta “ya dace da” kaza. Ra’ayina: bel, famfo, gawayi da hita, na kamfanin da aka sani ko ba tambarin injinka yana aiki lafiya, sau da yawa ma masana’anta ɗaya ce ta yi su. Robar ƙofa na fi son orijina, mai arahar takan zo da tauri ko ramukan zubar ruwanta ba su daidaita ba. Makullin ƙofa ma haka don maganar tsaro ce. Allon kwamfuta kuwa ka yi hattara sosai, wasu suna zuwa babu manhaja a ciki, sai an loda musu ta samfurinka, ka tambayi mai sayarwa a rubuce ko an loda, in ba haka ba ka sayi abin da ba zai ko kunna ba. Kafin ma ka kai ga sayen allo ka nemi masu gyaran allon, akwai waɗanda ake aika musu ta gidan waya su gyara su dawo da shi.

9. Maganar wuta, da oda daga wata ƙasa

Turai da Birtaniya wutarsu 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa ɗaya, Amurka da Kanada 120 mai bugu 60, Japan 100, Saudiyya kuma bugu 60 take amfani da shi. Famfon da aka yi wa Amurka ka sa shi a Jamus ƙonewa zai yi nan take, ko da kamanninsu ɗaya. Ka duba V, wato ƙarfin wutar, da Hz, wato bugun, a jikin tsohon, sabon ya zo daidai da su. Wanda ya yi ƙaura da injinsa daga wata ƙasa, ko yake shirin sa wani ɗan’uwa ya taho masa da kayan a jaka, shi ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗin, kuma ka tura wa mai sayowar hoton lamba ne, ba bayanin baki ba.

Sai kwastan. Tun Janairun 2021 kaya tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai suna iya jawo haraji da kuɗin dillalin kawowa, abin da ka ga ya fi araha sai ya iso ya fi tsada. Ka duba daga ina za a turo, ba inda shafin ya ce yake ba.

10. Kafin ka danna biya, da bayan ya iso

Ka jera hoton mai sayarwa da tsohon naka, ka ƙirga bakin wayoyi, ka duba inda sukurori suke shiga da ɓangaren da bakin tiyo ya kalla. In kana da shakka ka tura musu lambar injinka ka ce su tabbatar, ka ajiye amsar. Ka karanta sharaɗin mayarwa, a Turai da Birtaniya abin da ka saya ta intanet daga ɗan kasuwa kana da kwana 14 ka fasa, amma wannan bai shafi saye daga mutum ɗaiɗai ba, kuma kayan wuta in ka riga ka ɗaura su wasu za su rage maka kuɗi ko su yi gardama. In robar ƙofa ce ka duba wayar da ke ɗaure ta, in ta yi tsatsa ka haɗa da ita a oda ɗaya.

Da ya iso kar ka yaga leda ka jefar da kwali. Ka ajiye sabon kusa da tsohon a kan tebur ka sake gwadawa, in hita ce ka auna ta. Ka ɗaura kana bin hotunan da ka ɗauka, ka mayar da murfi kafin ka sa filogi, sannan ka kunna gajeren wanki ba kaya a ciki, ka shimfiɗa busasshiyar jarida ko kwali a ƙarƙashi ka tsaya a wurin har ya gama, ko ɗigo ɗaya ne za ka gan shi a takardar. Tsohon abin ka riƙe shi sati biyu tukuna, in sabon ya ba da matsala mai sayarwa zai iya neman hotonsa, bayan nan ka kai shi wurin karɓar tsofaffin kayan wuta, don a ƙasashe da yawa ba a yarda a jefa shi a shara ta gida ba.